Wadda Ta Ƙi Rufe Ido

Ga ta nan tafe, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta. To, ta zo, amma ku gyara zama, don yau ba da dariya ta zo ba.

"Buɗe hannunki," in ji Agogo.

Kwala tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin ɗinki, hannunta na dama a dunƙule cikin aljihun rigar aiki, mata sun yi layi a bayanta har kan matakala.

"Yallaɓai, hannuna ne. Da shi na zo daga gida."

"Na san naki ne. Buɗe shi."

Ta buɗe. 'Yan biskit ne a naɗe cikin leda, zafin tafin hannu har ya fara narka su. Agogo ya ɗauke su da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya jefa a aljihun wandonsa.

"Ki karɓa in an tashi. Yau muna da baƙi, ba na son in ga ko ɗigon maiƙo a jikin riga. Na gaba."

Kwala ta dube shi, irin kallon da ke sa kare ya sauke wutsiya, amma shi agogonsa yake dubawa. Ta wuce tana cizon leɓe.

Bari in gaya muku su wane ne mutanen nan. Wurin kamfanin ɗinka rigunan maza ne, irin masu maɓalli a gaba, waɗanda ake lodawa a kwali a kai ƙasashen da matan ba su taɓa takawa ba. A can babu mai ɗinka riga guda daga farko har ƙarshe. Mata ne a jere, kowacce da kekenta na lantarki: wannan ta haɗa kafaɗa ta miƙa gaba, waccan ta sa hannu, ta kusa da ita ta ɗora aljihu, har rigar ta fito ƙarshen layi a kammale. Yau da gobe sai sunayen gida suka ɓace, kowacce aka koma kiranta da abin da take ɗinkawa. Kwala ce babbar layin, a kan kwalar rigunan mutane ta yi furfura, kuma Allah ya ba ta zuciya mai saurin tafasa. Aljihu na zaune a hagunta, siririya, mai magana ƙasa-ƙasa, tana kiranta Yaya ko da yake ba ciki ɗaya suka fito ba. Maɓalli tana can ƙarshen layi, ita kam bakinta bai san hutu ba. Shi kuwa mai kula da layin ba ya iya gama magana bai dubi tsintsiyar hannunsa ba, shi ya sa ya zama Agogo.

Biskit ɗin nan ba na Kwala ba ne, na Aljihu ne. Aljihu tana da ciwon suga, irin wanda ake yi wa allura kowace safiya. In ta yi allurar, dole ta sa wani abu a baki kafin rana ta take, in ba haka ba sai sugan jikinta ya faɗi, hannu ya hau rawa, gumi ya karyo, ido ya yi duhu. Babu wanda ya san da wannan a ofis. Ranar da likita ya gaya mata, a tashar mota ta kama hannun Kwala ta ce, "Yaya, ki rantse min ba za ki faɗa wa kowa ba." Kwala ta rantse. Dukansu sun ga yadda aka sallami wata mai farfaɗiya, da magana mai daɗi da kwandon lemo, aka ce kamfani ba ya barin mai sumewa a kan keken lantarki. Aljihu kuwa ga yara, ga tsohuwar uwa, ga miji da ya tafi neman aiki wani gari, wayarsa ta daina shiga.

A da abin bai zama matsala ba, saboda wata dabara da matan suka ƙirƙiro wa kansu. Kowacce ta koyi aikin ta damanta da na ta hagunta. A bayan ɗakin ɗinki akwai wani ɗan ɗaki da ake tara ƙyallaye, dila a kan dila, ƙura da warin yadi, ƙwan fitila ɗaya. Wadda lokacin ibadarta ya yi, ko zuciyarta ta yi nauyi, sai ta taɓa kafaɗar ta kusa da ita ta tashi. Ita kuwa ta jawo tulin gabanta ta haɗa da nata. Mai salla ta shimfiɗa kwali ta yi sallarta. Mai zuwa coci ta durƙusa jikin dila ta yi tata addu'ar. Wadda aka yi wa rasuwa ta je ta yi kukanta ya ishe ta, ta share fuska da ƙyalle, ta dawo. Aljihu takan yi nafilarta da hantsi, ta ci biskit, ta ɗora ƙafa a kan dila har jikinta ya dawo daidai. Layin bai taɓa tsayawa ba. Agogo yana ganin kujera babu kowa, amma tunda riguna na fitowa, sai ya dubi agogonsa ya yi shiru.

Sai aka gayyaci Manaja wani taro a babban otal. Ya dawo da magana ɗaya a bakinsa: ma'aikacin da ruhinsa ya natsu ya fi lafiya, kuma ya fi yawan aiki. Ba ƙarya aka gaya masa ba, 'ya'yana, matan nan sun riga shi sani tun yana makaranta. Kuma ba mugu ba ne, mutum ne mai taushin murya da ke gaishe da masu shara. Amma ya sa aka kwashe ƙyallayen nan, aka fasa bango aka faɗaɗa ɗakin, aka yi fenti, aka shimfiɗa kafet mai laushi, aka rataya na'urar fesa ƙamshi da lasifika mai fitar da kukan ruwa. Aka rubuta Ɗakin Natsuwa a ƙofa. Aka ɗauko wata malama mai fararen kaya ta riƙa koya wa mata numfashi. Yanzu in ƙararrawa ta kaɗa, a kashe kekuna gaba ɗaya, a shiga tare, a rufe ido tare, kowa ya yi ibadarsa, a fito tare. Ba a cin abinci a ciki, ba a kwanciya. Kuma tunda kamfani da kansa ya ba da lokacin ibada, babu dalilin da wata za ta bar kujerarta a wani lokaci daban.

A bangon ɗakin ɗinki aka kafa allo mai jan layi da ke nuna yawan riguna, layin yana ta hawa. Yaya ba zai hau ba, tunda babu mai tashi? Mata har ruwa suka rage sha, don kada fitsari ya sa a rubuta sunansu.

Tun daga lokacin Kwala ce ke shigo da biskit a ɓoye, ta miƙa ta ƙarƙashin tebur. Yau kuwa masu sayen rigunan ne za su zo daga ƙasar waje, an laluba kowa a ƙofa, an kuma ce hutun cin abinci sai baƙi sun tafi.

Kekuna suka tashi da rugugi. Kwala ta jawo kwalar farko, ta yi magana ba ta ɗaga kai ba.

"Kin yi allurar?"

"Na yi, Yaya."

"Me kika ci?"

"Na kurɓi shayi a tsaye. Autana ya kwana da zazzaɓi, kafin in gama da shi mota ta kusa tafiya."

"Shayi. Kin yi allura a kan shayi." Kwala ta danna keken da ƙarfi har zaren ya tsinke. "Tashi ki ce wa Agogo cikinki na murɗawa."

"Ya riga ya gargaɗe ni, ya ce in na ƙara sai ofis. Zan iya, Yaya. Ki bar shi kawai."

"Ke kullum za ki iya. Ranar da za a ɗauke ki a kan ƙofa ma haka za ki ce."

Aljihu ta yi ɗan murmushi ta ci gaba da ɗora aljihunta, kowanne daidai a kan ƙirji, ba karkata.

Da hantsi ya ɗaga, Kwala ta ga ɗinkin ya fara kaucewa. Wani aljihu ya fito a karkace, Kwala ta farke shi da sauri ta gyara. Na biyu ma haka. Ta saci kallon hannun Aljihu, ta ga yatsun suna rawa a kan yadi. Kwala ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, banɗaki."

"Bayan baƙi."

"Ba zai jira baƙi ba."

"Uwa, ke ce babba a nan. In na bar ki, duk layin zai tashi. Ki yi haƙuri."

Nufinta ta gangara wurin ajiye jakunkuna ta lalubo wani abu mai zaƙi. Da hanyar ta toshe, sai ta raɗa wa ta damanta: wa ke da alewa? Maganar ta bi layi daga kunne zuwa kunne tare da riguna, ta je ƙarshe, ta dawo da amsar Maɓalli.

"Wai a gaya miki ba ta da ko tsinke. Wai lalubar da aka yi mata yau, mijinta bai taɓa yi mata irinta ba."

Mata suka ƙunshe dariya. Kwala ba ta yi ba.

Ƙararrawa ta kaɗa kafin lokacinta, saboda baƙi sun iso. Aka kashe kekuna, mata suka jera takalma a ƙofar Ɗakin Natsuwa. Kwala ta riƙo gwiwar hannun Aljihu za su zauna tare a baya, sai mai ɗaukar hoton da kamfani ya ɗauko ya tare su.

"Wannan ta zo gaba, tana da fuska mai sanyi. Ke kuma, Baba, koma can baya kusa da labule."

"Tare muke."

"Fuskarki a murtuke take. Za ki ɓata min hoto."

Aljihu ta zare hannunta a hankali ta tafi sahun gaba, ta zauna kusa da bango. Kwala ta koma baya. Daga inda take tana hango wani tebur a kusurwa, an rufe shi da farin yadi: butar shayi, kofuna masu bakin zinariya, kek, sukari a kwano, zuma a 'yar kwalba. A cikin ɗakin da aka ce ba a shiga da abinci. Ta ji kunnuwanta suna zafi.

Baƙin suka shigo da safa a ƙafa, mace ɗaya da maza biyu, Manaja yana gabansu yana murmushi, Agogo a baya. Malamar Natsuwa ta kunna kukan ruwa.

"'Yan uwana mata, mu rufe ido," in ji ta, da muryarta mai kama da man shafawa. "Mu ja numfashi. Mu sake shi. Duk wani fushi, duk wata damuwa, mu ɗora ta a kan ruwan nan mu bar ta ta tafi. Kowa ya koma ga Ubangijinsa a cikin zuciyarsa."

Duk ɗakin ya rufe ido, ban da Kwala. Ita tun ranar da aka buɗe ɗakin nan ba ta taɓa rufewa ba. Takan sunkuyar da kai ne kawai ta riƙa kallo ta ƙasan gira. Ba don ba ta son Allah ba. Matar da a kan kwali, cikin ƙura, take yin addu'a har hawaye ya jiƙa mata mayafi, yanzu in ta ɗaga hannu a kan kafet ɗin nan sai ta ji kamar jan layin allo take yi wa addu'a. Bakinta na motsi, zuciyarta a bushe. Wannan ma yana cikin abin da ba ta yafe wa Manaja ba.

Sai ta ga kan Aljihu ya karkata. A hankali ya tafi har ya jingina da bango. Kafaɗunta suka saki. Hannuwanta suka zame daga cinya suka buɗe, tafin yana kallon sama. Fuskarta na sheƙi a ƙarƙashin fitila, leɓenta a ɗan buɗe.

Malamar Natsuwa ta matso kusa da baƙi a kan yatsun ƙafa, ta nuna ta da ido.

"Ku dubi wannan baiwar Allah," ta raɗa, amma ɗakin shiru ne, kowa ya ji. "Kun ga yadda ta saki jikinta gaba ɗaya? Da muka fara, ita ce ta fi kowa ɗari-ɗari. Wannan shi ne matakin da muke nema."

Baƙuwar ta dafa ƙirji tana gyaɗa kai. Mai hoto ya durƙusa a gaban Aljihu, hasken kyamararsa ya walƙa, ya gyara tsayuwa, ya ƙara walƙawa.

Kwala ta san abin da take gani. Ta kuma san abin da zai biyo baya in ta buɗe baki. Rantsuwar tashar mota ta faɗo mata a rai, har ta ce a ranta wataƙila gyangyaɗi ne, wataƙila yanzu za ta motsa. Ta jira. Aljihu ba ta ko ƙifta wa hasken kyamara ba.

Kwala ta miƙe. Ta tsallake ƙafar wannan, ta taka mayafin waccan, Agogo yana yi mata alama da hannu yana cewa ƙasa-ƙasa, "Koma ki zauna, Uwa, koma." Ta ture mai hoto gefe, ta dafa goshin Aljihu. Sanyi ƙalau, jiƙe sharkaf.

"Aljihu. Ƙanwata. Buɗe ido."

Shiru.

Ta juya ta nufi teburin shayi. Manaja ya sha gabanta, murmushin bai bar fuskarsa ba.

"Uwa, wannan na baƙi ne. In an fito za a..."

"Matsa."

"Muna tsakiyar natsuwa."

"Suma ta yi." Muryar Kwala ta danne kukan ruwan lasifika. "Ciwon suga gare ta. Ta yi allura ba ta ci komai ba, abin da za ta ci yana cikin aljihun wandon mutumin can. Mutuwa take yi kuna ɗaukarta hoto. Ka matsa, ko in bi ta kanka."

Ya matsa. Ta fizgi kwalbar zuma, hannun rigarta ya kwashe kofuna suka tarwatse a kan kafet. Ta durƙusa, ta kwantar da Aljihu a gefenta, ta lakato zumar da yatsa ta shiga goga mata a dasashi da cikin kumatu, kamar yadda nas ta taɓa nuna mata. Mata duk sun buɗe ido, wasu sun miƙe.

"Mu kwantar da hankali," in ji Malamar Natsuwa. "Mu ja numfashi tare..."

"Malama, wadda ba ta numfashin ga ta nan a ƙasa," in ji Maɓalli. "Ja naki ke kaɗai. Ku kama mata ƙafa."

Manaja yana ta magana da baƙi cikin harshensu, sannan ya juyo. "A fitar da ita ta ƙofar baya, don Allah. A hankali."

"Ta ƙofar da ta fi kusa da mota za mu fita," in ji Kwala.

Ƙofar gaba ce. Suka ɗauke ta su huɗu, suka ratsa ta tsakiyar baƙi, suka bi ta ƙarƙashin allon mai jan layi, suka fita tsakar rana babu takalmi a ƙafar kowa. Motar kaya ce a tsaye an fara yi mata lodi. A kan kwalayen riguna aka kwantar da Aljihu, Kwala ta hau ta ɗora kanta a cinya. Duk tsawon hanya tana goga zuma tana zagi, ta zagi direba don ya tsaya wa danja, ta zagi ramukan titi, ta zagi ita kanta Aljihu. "Shayi. Kin yi allura a kan shayi, mai taurin kai. Ki tashi in gaya miki magana."

A asibiti aka karɓe ta da gudu, aka ɗaura mata ruwa. Kwala ta zauna a kan benci, yatsunta na danƙo da zuma, ƙafarta duk ƙura. Da nas ta fito ta ce Aljihu ta farfaɗo, Kwala ta miƙe ta shiga wurinta.

Aljihu tana kwance, idonta a kan silin.

"Kin faɗa?"

"Na faɗa."

"A gaban Manaja?"

"A gaban kowa."

"Kin rantse min, Yaya."

"Na rantse. In bar ki ki mutu a kan kafet saboda rantsuwa?"

"Da kin ce yunwa ce. Da kin ce jiri ne. Da kin ce komai." Hawaye ya gangara mata zuwa kunne. "Yanzu wa zai ciyar da su?"

Gaskiya ce, da Kwala ta ce yunwa. A lokacin bai zo mata ba, fushi ya riga ya hau harshenta. Aljihu ta juya fuska ga bango.

Da la'asar Manaja ya zo, Agogo na biye da shi ɗauke da kwandon lemo da ayaba. Kwala na ganin kwandon ta san komai. Manaja ya tsaya a gefen gado ya haɗa hannuwansa.

"Sannu, 'yar uwa. Kin tsorata mu. Me ya sa ba ki gaya mana ba? Mu fa iyali ɗaya ne. Kada ki damu da asibiti, kamfani ya ɗauki nauyi. Ki koma gida ki huta sosai, kada ki yi gaggawar dawowa. Lafiyarki ta fi mana riguna. Kin san keken lantarki, in mutum ya faɗi a kansa..."

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji Aljihu, ga bango.

Kwala ta bi shi har baranda.

"Korarta ka yi."

"Uwa, ba wanda ya ce kora."

"Shekara da shekaru tana da ciwon nan, aljihunta bai taɓa karkacewa ba. Ka san dalili? Akwai ɗan ɗaki mai ƙura da take shiga ta gana da Ubangijinta ta ci biskit, mu kuma mu riƙe mata aiki. Ba mu roƙe ka kafet ba. Ba mu roƙe ka turare ba. Ka zo ka ƙwace mana Allah ka sa masa ƙararrawa, ka hana mu ruwa, ka hana mu fitsari, sannan ka kawo baƙi su ga yadda muka natsu."

Masu jinya sun fara leƙowa. Manaja ya dube ta da tausayi na gaske, wannan ne ma ya fi ƙona mata rai.

"Ba wanda ya hana ku ruwa. Kuma lambobi sun nuna tsarin yana aiki. Kin ga wannan fushin naki, Uwa? Shi ne ainihin abin da muke ƙoƙarin magancewa. Yana cin jiki. Zan yi wa Malama magana ta ba ki zama na musamman."

Ya sauka matakala. Agogo bai bi shi nan take ba. Ya tsaya yana lalube a aljihu, ya fito da ledar biskit, duk sun farfashe sun zama gari. Ya miƙa mata, idonsa a ƙasa.

"Da na sani, Uwa..."

"Da ka sani da ka kai sunanta ofis."

Ya ajiye ledar a kan benci ya tafi.

Kwala ta nemi famfo ta wanke zumar hannunta, ta yi alwala. A ƙarƙashin matakalar asibitin ta sami wani yagaggen kwalin magani, ta shimfiɗa. Wurin na warin maganin wanke ƙasa, mutane na hawa da sauka a saman kanta. Ta yi salla, ta ɗaga hannu, kuma ba ta saki fushin a kan wani ruwa ba. Da shi ta je. Ta kai ƙarar Manaja, ta kai ƙarar Agogo, ta kai ƙarar mijin da wayarsa ba ta shiga, ta kai ƙarar harshenta. Ta daɗe a wurin. Da ta shafa, mayafinta a jiƙe yake, kuma sai a lokacin ta lura idonta a rufe yake tun ɗazu.

Washegari ta tarar da wata mata a kujerar Aljihu, an ɗauko ta daga wani layin, tana ta raba ido. Kwala ta zauna, ta zura zare, ba ta ce mata sannu ba sai da kekuna suka tashi. Sannan ta ɗauki kwala guda ta ajiye a gabanta.

"Kalli hannuna. Ki koyi nawa, ni na iya naki."

"An ce kowa nasa kawai zai yi."

"An ce. Kalli hannuna."

Da hantsi, babu ƙararrawa babu komai, matar da ke haɗa kafaɗa ta taɓa ta kusa da ita ta miƙe. Ta kusa da itan ta jawo tulin ta haɗa da nata. Matar ta bi tsakanin kekuna ta nufi lungun bayan banɗaki, inda aka jibge dilolin ƙyallayen da aka kwaso. Duk layin ya sunkuyar da kai ga ɗinki, kunne yana wurin Agogo. Agogo ya dubi kujerar da ba kowa. Ya dubi Kwala. Ya dubi agogonsa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya juya baya ya tafi duba wani layin.

Aljihu ta rayu. Ba a mayar da ita aiki ba. Tana ɗinki a gida da tsohon keken ƙafa da matan layin suka haɗu suka samo mata, wata rana a ci, wata rana a yi haƙuri. Kwala takan je gaishe ta, ta amsa gaisuwa, ta kawo mata ruwa, amma ba ta ƙara kiranta Yaya ba. Maɓalli tana nan da bakinta. Agogo yana nan da agogonsa, ya koyi juya baya. An ƙara wa Manaja girma, Malamar Natsuwa kuma yanzu kamfanoni da yawa ke gayyatarta. Kwala tana zuwa zaman musamman da aka sa ta, ta zauna a gaban Malama ido a buɗe har a tashi.

Hoton kuwa ya yi kyau ƙwarai. An wanke shi babba, an sa masa gilashi, an rataya a ƙofar Ɗakin Natsuwa: mace siririya ta jingina kai da bango, hannuwa a buɗe, fuska na sheƙi. A ƙasansa an rubuta cewa ma'aikaci mai natsuwa shi ne ma'aikaci mai lafiya.